Farar Hula da Soja a Gidan Kawu Isiyaku

Kafin in fara, ya wajaba in faɗi inda na samo abin da zan rubuta, domin kada a ɗora wa marigayi Kawu Isiyaku abin da bai yi ba, ko da yake abin da ya yi ma ya ishi mutum ɗaya. Majiyata uku ce. Ta farko matarsa ce, Inna Hajo, wadda ba ta mantuwa, sai dai takan zaɓi abin da za ta tuna. Ta biyu ƙanensa ne, Kawu Mudi, dillalin motocin Kwatano, wanda duk labarin da ya ratsa ta bakinsa yakan fito ya ɗan fi yadda ya shiga tsawo. Ta uku ni ne, Kabiru, ɗan ƙanwarsu, kuma ni ne mafi raunin ukun, saboda a lokacin ina jami'a a Zariya, hutu da yajin aikin malamai ne kawai ke kawo ni Katsina. Inda majiyoyin suka saɓa, zan nuna. Inda ban sani ba, zan ce ban sani ba.

Ko shekarar ma akwai saɓani a kanta. Duka sun yarda cewa injin da zan ba da labarinsa ya shigo gidanmu na Ƙofar Marusa bayan soja sun koma bariki, farar hula sun karɓi mulki. Inna ta ce a daminar farko ne, domin hotunan 'yan takara ba su gama ɓallewa daga bangon zaure ba. Kawu Mudi ya ce a ta biyu ne. Na bar batun a haka.

Ku da kuka san shi, na san hoton da ya fara zuwa zukatanku: dogon dattijo siriri cikin babbar riga mai guga, riƙe da ƙaramin bokiti shuɗi, ya tsaya gaban mai lemo ya yi gaisuwa cikakkiya, ya tambayi iyali, ya tambayi kasuwa, ya tambayi gajiya, sannan ya sassauta murya kamar wanda ya zo neman aure ya ce, "Ko akwai ɓawo?" In aka ce masa, "Malam, ai shara ce," sai ya girgiza kai.

"Ba shara ba ce. Ƙasa ce da ba ta iso ba tukuna."

Dalilin wannan bokiti yana tsakar gida, kusa da rijiya. Kakarmu, mahaifiyarsu, ta dawo daga aikin hajji da rumman guda a cikin adakarta. Ta raba ƙwayoyin ga mutanen gida, ta rage kaɗan ta shuka, ta ce wa Kawu Isiyaku, wanda a lokacin ma'aikacin gandun daji ne, "Kai ne ɗan itatuwa. Ka kula da ita, za ka sha." Bishiya ta fito ta girma, Kaka ta rasu, Kawu ya yi ritaya, rumman bai zo ba. Duk bazara takan yi jan fure mai ɗaukar ido, sai a wayi gari a tarar ya zube ƙasa kamar an kaɗe shi da sanda. Kawu ya ce laifin ƙasar ne, yashi ne zalla, ba shi da abin da zai ba uwa mai ciki.

Mai karatu zai tambaya, me ya hana shi zuba taki? Takin zamani dai ya ce gishiri ne mai sa ƙasa ta tsufa da wuri. Takin awaki kuwa, wanda ke jibge a bayan madafi kyauta, ya yi rantsuwa ba zai taɓa bishiyar mahaifiyarsa ba. Kawu ya ƙare ƙuruciyarsa yana dasa itatuwa a ƙauyuka, awaki na bin bayansa suna cinyewa, kuma bai yafe musu ba. Akuyar Inna, wata ja mai karyayyen ƙaho, shi ya raɗa mata suna Soja, domin a cewarsa ba ta taɓa neman izini kafin ta karɓi abu ba.

Gidan gado ne na su biyu, kuma Kawu Mudi yana da ɗa da ya isa aure, ba ɗakin da za a sa amarya. Filin da ya rage shi ne inda rumman take. Mahaifiyata ce ta zaunar da su, aka yi yarjejeniya a gabanta.

"Yaya, ni ba mugu ba ne," in ji Kawu Mudi. "Daga nan zuwa kakar baɗi, in ta riƙe ko da ɗa guda har ya nuna, na haƙura, in kai ginin fegina na bayan ganuwa. In ba ta riƙe ba, gatari."

"Mudi, uwarka ce ta shuka ta."

"Uwata ce kuma ta ce in aurar da jikanta."

Abin mamaki, Kawu Mudi ne da kansa ya kawo injin. Ya tsince shi a but ɗin wata mota da aka sauke masa: farin akwati da bai wuce gwiwa ba a tsayi, da murfi a sama, da bokitin ƙarfe a ciki mai wani hannu da ke juyawa a gindinsa. Rubutun da ke jikinsa ba boko ba ne, ba ajami ba. Ya sa mai gyaran rediyo ya haɗa masa ƙaramar taransifoma, ya kawo wa Inna, ina jin don ya sanyaya zukata bayan maganar gatari.

"Tukunyar shinkafa ce ta lantarki, Inna. Kin huta da hayaƙi."

Inna ta wanke shinkafa ta zuba, ta rufe, ta danna maɓalli tun da hantsi. Inji ya kama gurnani a hankali. Azahar ta yi, yana gurnani. La'asar ta yi, yana gurnani, mutanen gida sun gaji da jira sun jiƙa garin kwaki. Da ya yi shiru aka buɗe, sai ga wani busasshen gari ruwan ƙasa, ɗan kaɗan a gindin bokiti.

"Ya cinye min shinkafa," in ji Inna.

Kawu Isiyaku ya durƙusa, ya ɗebi garin ya murza, ya shinshina, ya ɗora kaɗan a harshe. Inna ta ce ta ga fuskarsa ta canza irin yadda ta canza ranar da aka kai ta gidansa.

"Hajo, wanga ba tukunya ba ce. Abin da ƙasa ke yi wa ganye a shekaru, shi ya yi a wuni guda. Lokaci ne aka rufe a cikin akwati."

Nan take ya kira ta Farar Hula, saboda farin murfinta da kuma zamanin da ta zo. Kawu Mudi ya ce sunan ya dace, tun da ta ci shinkafa ta ba jama'a gari.

Matsalar farko da Farar Hula ta gamu da ita ita ce yunwa. Wanda ya ƙera ta, ko wane ne shi, ya ƙera ta ne don gidan da ake zubar da abinci, kuma gidan Inna Hajo ba ya cikin irin waɗannan gidaje. Tuwon da ya kwana ɗumame ne. Abin da ya kama a gindin tukunya ƙanzo ne. Ruwan wankin gero na Soja ne, haka dussa, haka ɓawon rogo. Kawu ya zagaye gidan kaf da bokitinsa, bai samu abin da ya wuce hancin tattasai da ɓawon albasa ba.

Sai ya ɓullo da dabara. Ya ci rabin tuwonsa, ya ture kwano gefe yana kallon inji, ya ce ya ƙoshi. Kafin ya wanke hannu Inna ta ɗauke kwanon. Da safe tuwon ya dawo gabansa a ɗumame. Ya taɓa kaɗan ya bari. Inna ta yanyanka sauran ta shanya a faifai. Bayan 'yan kwanaki aka ajiye masa kwaɗo da ƙuli-ƙuli da albasa. Ya ɗaga loma ya duba ta ta kowane ɓangare.

"Hajo, wanga tuwo na san shi."

"Shi ma ya san ka, Malam. Tun ran Talata yake biye da kai."

Ya ci. In ji Inna, har ya nemi ƙari.

Daga nan ne bokitin shuɗi ya fita titi. Kawu ya san lokacin da 'yan tumatir na Babbar Kasuwa ke ware ruɓaɓɓe, ya san mai shayin da ke tara masa ɓawon ƙwai, ya san mai kankanar da zai ba shi da wanda zai ce na tumakinsa ne. Abin da bai lura da shi ba shi ne idon unguwa. Mutane sun ga dattijo mai mutunci, tsohon ma'aikacin gwamnati, yana roƙon ɓawo. Ba wanda ya tambaye shi dalili, domin tambayar ita kanta cin fuska ce. Kowa ya yanke hukunci a ransa cewa fansho ya maƙale, yunwa ta shiga gidan Malam Isiyaku. Sai aka yi abin da aka saba yi wa mai rufin asiri: aka fara aiko da kwanoni a rufe, wai a ɗanɗana gishiri. Yau dambu, gobe shinkafa da wake, jibi waina da miyar taushe.

Inna ta gane ma'anar tun daga kwano na biyu, ta daina zuwa suna da biki don kunya.

"Malam, ka mai da ni abar tausayi a unguwar da ni ke fara raba tuwon salla. To ga shi nan, ka zuba wa matar taka ta huta da yunwa."

Kawu ya buɗe kwanon waina, ya dubi wainar, ya dubi Farar Hula.

"A'a. Wanga bai kai ga zama ƙasa ba. Zuba shi alhaki ne." Ya nisa. "Na nemi ɓawo, an aiko min da ayaba."

Dole aka riƙa cinyewa. A wannan damina ne, karon farko a rayuwarsa, Kawu Isiyaku ya yi kumatu, har sai da tela ya saki wandonsa. Kwanonin ba su tsaya ba sai ranar da ya gayyato dattawan unguwa bayan Juma'a suka ga injin da idonsu. Liman ya ɗebi garin ya shinshina, ya ce Allah mai iko, sannan ya tambaya a hankali ko tana iya niƙa yaji.

A nan ya kamata in bayyana yadda yake kula da ita, domin wannan na gani da idona. Ba a sa mata ƙashi. Ba a sa mata ƙwallon mangwaro, tun ranar da guda ya maƙale hannun da ke juyawa, ta yi wani kuka irin na ɗan maraƙi, Kawu ya zare filogi ya zauna yana ba ta haƙuri. Miyar kuɓewa sai an tsane ta, domin yauƙi yana naɗe hannun. Mai da gishiri ba ta son su da yawa. Ɓawon kankana sai ya yanka shi ƙanana da wata wuƙa da ya keɓe, kuma ba ya cika bokitin ya wuce wani layi da ke ciki, yana cewa ko baƙo ba a ɗura masa abinci. Ba a buɗe ta da zafi. In ta huce, ya juye garin, ya wanke bokitin da ruwan ɗumi da tsumma mai laushi, ya kife shi a rana. Garin ma ba ya kai shi gindin bishiya kai tsaye, yana cewa ɗanye ne, zai ƙona saiwa. Sai ya gauraya shi da yashi a wani tsohon tulu, ya yayyafa ruwa, ya rufe, ya bar shi ya yi makonni yana hutawa, sannan ya tona rami nesa kaɗan da gindin rumman ya binne.

A bayan injin akwai wani aljihu cike da baƙaƙen ƙwayoyi masu shanye wari. Da suka gaji, gidan ya fara wani tashi da ba zan siffanta shi a rubuce ba. Kawu ya buɗe aljihun, ya ciji ƙwaya ɗaya, ya ce gawayi ne. Ya tafi maƙera ya ce gawayin ƙirya yake so, ba na kowane itace ba. Maƙerin ya tambaye shi mi zai ƙera.

"Iska zan wanke."

Ya daka gawayin, ya tankaɗe, ya zubar da garin, ya ware manyan, ya wanke matsakaitan ya shanya, ya cika aljihun. Ba zan rantse cewa ya yi aiki kamar na asali ba. Warin dai ya ragu, ko kuma hancinmu ne ya saba. Ba ni da hanyar rarrabewa.

Sai batun wuta. Wutar unguwarmu ba ta da ƙarfi ko ta zo, don haka doka ce, da an kawo ta, a kashe fanka da talabijin da dutsen guga har Farar Hula ta gama cin abinci. Na tuna Inna zaune a bakin ɗaki tana fifita da mafici, gumi na zuba.

"Mu muna shan zafi, ita tana ci."

"Ai haka mulkin yake, Hajo. Sai an yi haƙuri da shi."

"Ni ban zaɓe ta ba."

Amma waɗannan la'asar ɗin su ne abin da na fi tunawa da shi. Mukan shimfiɗa tabarma a inuwar rumman, injin na gurnaninsa a hankali daga baranda, wani ƙamshi na fitowa daga gare shi, tsakanin ƙamshin tumu a kan garwashi da na ƙasa a ruwan farko. Kawu yakan lumshe ido ya fara magana kamar mai karanta abin da aka rubuta a cikin fatar idonsa. Kowane gida a birnin nan zai samu irinta. Ɓawon lemon Katsina duka, da ganyen shayinta, da ruɓaɓɓen tumatirinta, za su koma baƙar ƙasa, ƙasar ta riƙa tasowa sannu a hankali har ta rufe yashi. Mutum zai taka daga Ƙofar Marusa zuwa Ƙofar Sauri rana ba ta taɓa hularsa ba. 'Yan kabu-kabu za su riƙa kashe babur a tsakiyar hanya don su saurari tsuntsaye. Rumman zai riƙa faɗowa a kan kwanon rufi har mutane su kasa barcin rana, alƙalai su gaji da shari'ar reshen wane ya shiga gidan wane.

Na tambaye shi, a ƙiyasinsa, shekara nawa wannan zai ɗauka.

"Kai dai da lissafi. Kwanta ka ji."

Na kwanta. Ta tsakanin ganyen rumman sararin sama ya kasu ƙanana ƙanana, gurnanin ya shiga ƙirjina, kuma na ɗan wani lokaci, ban san tsawonsa ba, na ji sanyin wannan inuwa da ba ta iso ba. Na rubuta wannan ne a matsayin abin da na ji, ba a matsayin hujja ba.

Ana cikin haka, a farkon bazarar da za ta yanke hukunci, taransifomar unguwa ta ƙone. Makonni suka wuce ba wuta, tulun taki ya ƙare, rumman ta fara ƙullin fure, Kawu Mudi ya turo magini ya auna filin da igiya. Kawu Isiyaku bai fasa fita da bokiti ba. Kullum da yamma yakan zuba abin da ya samo a cikin injin da ba ya motsi, ya rufe, ya danna maɓalli, ya tsaya. Da safe ya buɗe, ya tarar da ɓawo yadda ya bar shi, ya juye a rami. Ya daina zama a tabarma. Ya daina faɗa da Soja, wanda a wurin Inna wannan ne ya fi kome tayar da hankali.

Wata safiya ya dawo daga masallaci, inda ya saba zama har rana ta fito, ya ɗaga murfi, sai ga baƙin gari mai laushi a gindin bokiti, busasshe, da ɗan ƙamshin ƙonannen hatsi. Washegari ma haka. Jibi ma haka. Ina gida a lokacin, malamanmu na yajin aiki, kuma na ga wajibi ne in yi magana.

"Kawu, a ilmance wannan ba zai yiwu ba. Babu wuta."

"Ta saba da aikin, ba ta jiran wuta."

"Amma inji ba ya sabo. Dole akwai wani bayani."

Ya dube ni da tausayi. "Kabiru, kai ma digiri ne da bai iso ba tukuna. Miƙo min tulu."

Furen ya buɗe, ja kamar kullum. Ya zube kamar kullum, amma ba duka ba. Kaɗan suka maƙale, gindinsu ya kumbura. Iska ta kakkaɓe wasu, tsuntsu ya ɓata wasu, guda ya tsira a wani reshe da ke kallon rijiya. Kawu ya ɗinka masa 'yar riga da tsohuwar hularsa. An gyara taransifoma da damina ta kankama, Farar Hula ta koma gurnaninta, ɗan rumman ya yi ta girma cikin hula har kaka ta shigo, ya yi ja, ya tsage da kansa. Kawu Mudi ya zo ya tsaya a ƙarƙashinsa yana goge ido. Daga baya ya ce hayaƙin madafi ne ya shiga idonsa, ko da yake Inna ta ce ba ta hura wuta ba a lokacin. Ya sallami magini, aka kai ginin bayan ganuwa.

Ranar da aka fasa rumman ɗin ina Zariya ina jarrabawa, kuma wannan rashi shi ne babban giɓin wannan rubutu. Majiyoyina biyu sun yarda a kan yawancin abin da ya faru. Kawu ya yi bisimilla, ya sa ƙwaya a baki, ya rufe ido, ya ce, "Hajiya, na sha." Ya ba kowa a gidan. Sannan ya sa aka fito da ƙananan kwanoni, aka zuba 'yan ƙwayoyi a kowanne, aka rufe, aka aika duk gidan da ya taɓa aiko masa da dambu ko waina, wai a ɗanɗana gishiri. Abin da ya rage a hannunsa shi ne ɓawon. A kan ɓawon ne suka saɓa, kuma zan dawo kansa.

Kawu ya rasu a bazarar da ta biyo baya, bayan gajeriyar jinya, rumman na cikin fure. Inna na takaba na zauna da ita ina tattara waɗannan bayanai, na ce mata abu ɗaya ne ya hana ni sakewa, wato yadda inji ya yi aiki babu wuta. Ta ci gaba da tsinke zogalen da ke gabanta, ba ta ko ɗago ba.

"Abin da ya zuba da yamma, in ya tahi masallaci sai in juye wa Soja. Abin da Soja ta fitar, dama ina da busasshe buhu guda. In daka a tsohon turmi, in tankaɗe, in ƙona ƙanzo kaɗan in haɗa don ƙamshi, in zuba in rufe." Ta watsa ganye a faifai. "Ai duk inji ne. Nawa dai ba ya jiran wuta."

"Inna, ya yi rantsuwa takin akuya ba zai taɓa bishiyar ba."

"Shi ya rantse, kuma bai zuba da saninsa ba. Ni kuwa ba don itacen na yi ba. Mutumin ne ya daina magana."

Ta ce da wuta ta dawo ta daina. Ke nan bishiyar ta ci daga Farar Hula, ta ci daga Soja, kuma ba zan iya cewa ga wanda ya sa ta riƙe ɗa ba. Wannan bai dame ni sosai ba. Abin da ya dame ni shi ne ɓawon.

A ranar akwai wuta. Farar Hula na baranda, murfinta a buɗe, tana jira. Soja na ɗaure a turkenta ta ɗaya gefen. Ɓawon rumman ɗin Kaka, wanda aka jira shekara da shekaru, ba shakka shi ne abinci mafi daraja da injin zai taɓa ci, kuma kowa ya ɗauka can za shi. Kawu Mudi ya ce Kawu ya nufi baranda, igiyar akuyar ta yi tsawo, ta miƙo wuya ta fizge ɓawon daga hannunsa kamar yadda ta saba, shi kuwa ya ce, "Soja dai soja ne." Inna ta ce ya faɗi hakan, gaskiya ne, amma ba fizgewa aka yi ba. Ta ce ya tsaya a tsakiyar gida ya dubi injin, ya dubi akuyar, ya dube ta ita kanta ta wutsiyar ido, sannan ya taka da ƙafarsa har turke, ya buɗe tafin hannunsa, ya jira har ta cinye. Na koma wurin kowannensu fiye da sau ɗaya, ba wanda ya janye ko kalma.

Injin yana nan a ɗakinsa, Inna ta lulluɓe shi da zane, takan goge shi duk Juma'a. Bokitin shuɗi yana rataye a zaure, kuma har yanzu mai lemo yakan ware ɓawo gefe kafin ya tuna. Rumman tana haihuwa duk shekara.

Allah ya jiƙan Kawu Isiyaku, ya yafe masa kurakuransa, ya sanyaya ƙasar da ya koma cikinta. Allah ya sada shi da mahaifiyarsa a inuwar da ba ta gushewa, inda rumman ba ya zubar da fure, ya ba Inna Hajo ladan abin da ta daka a ɓoye. Amin.

Saura tambaya ɗaya, kuma wanda zai amsa ta ya riga mu gidan gaskiya. Mutumin da ya ƙare rayuwarsa yana murza ƙasa a tafin hannu, wanda ya gane gawayi da haƙori, ya gane tuwon Talata a cikin kwaɗo, ya yi makonni yana shinshina wannan baƙin gari kowace safiya. In fizgewa Soja ta yi, to ya tafi bai sani ba. In miƙa mata ya yi, to ya sani tun safiyar farko, ya yi shiru don Inna, kuma ɓawon godiya ce. Miƙa mata ya yi, ko fizgewa ta yi?